Musun katakon Titanic a falonmu

Jiya da aka kawo wuta na kunna mana Titanic, fim ɗin 1997 ɗin nan, awa uku da 'yan mintuna muna zaune wlh har shayina ya huce ban sani ba. Wurin nan da saurayin fim ɗin, Jack, ke zana budurwarsa Rose ba kaya dai da sauri na danna rimot na wuce saboda Umma na falon. Ƙanwata tun jirgin bai gama nitsewa ba ta fara sharar hawaye da gefen mayafi, shi kuwa Yaya ko a jikinsa, wai Rose muguwa ce, katakon da ta kwanta a kai ai zai ɗauki mutum biyu, ta ɗan matsa mana Jack ya hau amma ta bar bawan Allah sanyi ya kashe shi a ruwa. Nan fa musu ya kaure.

Umma da muke zaton gyangyaɗi take sai ta ɗago ta ce mutum sama da 1,500 suka mutu da gaske a 1912, ku kuna ta kan saurayi ɗaya. Kowa ya yi tsit.

Ni masu gogen nan da suka ci gaba da kiɗa ruwa na shigowa su suka karya min zuciya, soyayyar 'yan kwanaki kam ba ta wani kama ni ba. Yaya har da safen nan yana kan maganar katako.