Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Sojan gammo

A makon jiya na tsaya inda na gama ƙera sojana na farko da yumɓun da na roƙo wajen masu ginin tukwane. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Na yi masa jar dara da gajeren wando, na rataya masa bindiga, sannan na kai wa Kaka a zaure, ina ta zumuɗi.

Ya daɗe yana jujjuya shi a tafin hannu.

"Abokina, wane ne wannan?"

"Kai ne mana, Kaka, a Boma."

Ya girgiza kai. Ya ce dara ta fareti ce, wanda ya shiga dajin Arakan na ƙasar Boma da jar hula ai ya kira wa kansa harsashi. Malafa suke sawa da koren kaki. Batun bindiga kuwa, sai ya sunkuyar da kai, ya kama hannuna ya ɗora a tsakar kansa. Na ji wurin ya yi kanta kamar tafin ƙafa.

"Wannan ce bindigata," in ji shi.

Ranar na san Kaka ɗan dako ne a Runduna ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma a yaƙin Hitila, wato Yaƙin Duniya na Biyu. Dajin ba hanyar mota, ga duwatsu, ga rafuka. Jirgi ya sako kaya da laima, su kuma su ɗora a ka, harsashi da abinci da magani, wani lokaci har wanda aka harba, adda a ƙugu suna saran hanya. Da su aka shiga Myohaung a Janairun 1945, garin da har yau akwai barikin soja mai sunansa a Legas. Ya sa aka ɗauko masa wani tsohon gwangwani, ya fito da tambarin rundunarsu: māsu biyu a gicciye a kan gammo. Na Runduna ta 81, waɗanda suka riga su shiga kwarin Kaladan, baƙin gizo ne. Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne, gammo na nan a tambari, amma in ana labarin yaƙin Hitila sai ka ji kamar masu bindiga kaɗai suka je.

Na koma kan yumɓu. Wuyan ne ya fi ba ni wahala. Sau uku akwatin da na ɗora masa yana karya shi. Na sa waya a ciki, da ya bushe sai yumɓun ya tsuke, wayar ta tsaga shi. Wata tsohuwa mai tukwane ce ta ce in daka fasasshen kasko in cuɗa a ciki, in shanya a inuwa kwana biyar kafin a gasa. Da tsinken tsintsiya na fitar da naɗin gammon, da allura na yi jijiyar wuya, na ɗan karkata ƙafar gaba kamar mai hawan tudu.

Da na kai masa bai ce uffan ba. Ya ajiye shi a cikin gwangwanin, kusa da tambarin, ya rufe.

Da magariba Inna ta kira ni ɗaki, fuskarta ba walwala. Wani ya gaya mata ina ƙera gumaka a bayan gida. Yadda muka kwashe da ita, da abin da malaminmu na allo ya ce, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.