Rokar gora da targaɗen cikin ƙarfe

Na shekara tara ina koyar da fiziks kafin in gane cewa darussa biyu da nake bayarwa a zango daban-daban, ashe jirgi ɗaya ya kwaso su. Ɗaya na tafiyar roka zuwa sararin samaniya, ɗayan na yadda ƙwayoyin zarra ke jeruwa a cikin ƙarfe. Na farkon yara har ɗokinsa suke yi. Na biyun kuwa gyangyaɗi ake sha, ni kaina ba don dole ba da na tsallake shi. Tambayar wata ɗaliba ce ta haɗa mini su, ranar da muka harba gorar roba a fili.

Rokar tamu ba wata abar a zo a gani ba ce. Gora ce mai cin lita biyu, da toshiyar roba da muka huda muka cusa mata bawul ɗin tayar keke, sai famfon hannu. A zuba ruwa, a kifa gorar, a yi ta buga iska har toshiyar ta fice. A karon farko na ce a cika ta kusan baki, wai ai ruwan shi ne man rokar, yawan mai kuwa yawan tafiya. Ta ɗaga kamar tsayin mutum biyu, ta kife, ta jiƙa ni sharkaf, yara suka samu abin dariya na mako guda. Muka gwada ta ba ruwa, ta yi tsalle kaɗan ta dawo. Sai da muka tsaya a wajen kashi ɗaya cikin uku ta tashi har muka ɗaga kai muna nemanta. Roka tana tafiya ne ta hanyar watsa nauyi baya da ƙarfi, shi ya sa iska zalla ba ta wadatar. Amma duk ruwan da bai riga ya fita ba kaya ne a kanta, sai ta ɗauke shi.

Da daddare na zauna da takarda na bi lissafin da wani malamin makaranta ɗan Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya wallafa a 1903. Gudun da roka za ta samu ya dogara ne kan abu biyu: saurin abin da take fesarwa, da ninki nawa nauyinta a cike ya fi nauyinta bayan mai ya ƙare. Inda gizo ke saƙar shi ne, na biyun ba ya biya kai tsaye. In kana son ninka gudu sau biyu, ninkin nauyin nan sai ya ninku da kansa: goma ta koma ɗari.

Gudun da ake nema kuma ba na wasa ba ne. Na daɗe ina barin yara da tunanin cewa zuwa sama hawa ne kawai, kuma can ƙarfin jan duniya ya ƙare. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nisan kilomita 400 ne kacal, kuma a can jan duniya yana nan da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa. Faɗowa take yi kullum, sai dai gudunta na gefe ya sa take kuskuren ƙasar. Abin da aka saki yana faɗuwa mita 5 a daƙiƙar farko, ita kuma duniya, da yake ƙwallo ce, doronta yana lanƙwasawa ƙasa da mita 5 a duk kilomita 8. Wanda ya ci kusan kilomita 8 a daƙiƙa ɗaya, yana faɗuwa ƙasar na zame masa, har ya zagayo cikin minti 90 da 'yan kai. In aka haɗa da asarar ratsa iska da ta hawan kanta, roka na buƙatar wajen kilomita 9.4 a daƙiƙa. Injin kananzir da oksijin yana fesa hayaƙinsa da gudun kilomita 3.3 a daƙiƙa ko kusa da haka. Ruwan gorarmu bai kai gudun mita 30 a daƙiƙa ba. Na buga lissafin: sai rokar ta ninka nauyin gangar jikinta sau 17, wato kashi 94 cikin 100 na abin da ke tsaye a dandalin harbawa mai ne. Tanki da inji da wayoyi da ɗan sama jannatin duk su matsu cikin kashi 6. Ko da haidurojin, mai fesawa da kilomita 4.4, ninkin ya haura 8. Dalilin da ya sa ake yin roka hawa-hawa ke nan, a yar da tankin da ya ƙare a hanya.

Washegari na rubuta wannan a allo ina jin kaina, sai wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu.

"Malam, to me zai hana a sirance tankin kamar takarda? Ai sai nauyin ya ragu."

Na ce zai fashe. Ta ce, "To me ke sa wani ƙarfen ya fi wani ƙarfi, alhali kaurinsu ɗaya?" Na ba ta amsar rufe baki, irin wadda malami ke bayarwa in an ƙure shi, aka buga ƙararrawa na samu mafita. Amma na san ban amsa ba.

A ƙarshen makon na ɗauki guntuwar wayar jan ƙarfe mai kauri, na feƙe robarta, na lanƙwasa ta da yatsu. Ta bi salin-alin. Na miƙar da ita, na sake lanƙwasawa a wuri ɗaya, sai na ji ta fara gardama. A karo na huɗu ta ƙi lanƙwasuwa a gurbin farko, gwiwar ta koma gefe inda ƙarfen bai sha wuya ba. Na kama da filaya na tilasta mata, wurin ya ɗumama, ya dusashe, daga bisani ya karye. Ban ƙara mata komai ba, ban rage ba, amma ta sauya hali a hannuna. Na ɗauki wata da na taurara haka, na kanga a wuta har ta yi ja, na tsoma a ruwa. A raina na ce yanzu za ta yi tauri kamar ƙarfen wuƙa da maƙeri ya ba ruwa. Ina! Ta fito lagwai-lagwai, ta fi sabuwa laushi. Na maimaita, wannan karon na bar ta ta huce da kanta, laushin dai bai canza ba. Taurin da baƙin ƙarfe ke samu a ruwa na da nasa dalilin, wanda ya shafi sinadarin kabon da ke cikinsa. Jan ƙarfe babu ruwansa da wannan, wutar ce ta warware abin da lanƙwasawa ta ƙulla.

Me aka ƙulla ɗin? Ƙarfe kiristal ne, wato ƙwayoyin zarransa a jere suke sahu-sahu, bene kan bene. A 1926 Yakov Frenkel ya lissafa ƙarfin da za a sa kafin bene guda ya zame a kan na ƙasansa baki ɗaya, sai amsar ta fi abin da ake aunawa a tataccen ƙarfe ninki ɗaruruwa, wani lokacin dubbai. Lissafin ba shi da kuskure, ƙarfen ne ba ya zamewa ta wannan hanyar. A 1934 mutum uku, Geoffrey Taylor da Egon Orowan da Michael Polanyi, kowa da nasa aikin, suka kawo bayani ɗaya: akwai wuraren da wani sahun ya yanke a tsakiya bai kai ƙarshe ba, maƙwabtansa suka matsu a kewaye da shi. Masana na kiransa dislokeshan. Ni da yara muka raɗa masa targaɗe. Wanda ya taɓa jan shimfiɗaɗɗen kafet mai nauyi ya san ba ya jawuwa gaba ɗaya, amma in ka tada ɗan tudu a gefe ka bi shi da ƙafa har ɗaya gefen, kafet ɗin ya matsa ba tare da ka yi gumi ba. Haka targaɗe ke ratsa ƙarfe, sahu ɗaya bayan ɗaya. Ba a gan shi yana tafiya ba sai 1956, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, lokacin da Peter Hirsch da abokan aikinsa suka leƙa siririn fallen alminiyam da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da ilektiron.

Ni ba ni da wannan na'ura, sai na ari dabarar Lawrence Bragg da John Nye ta 1947: kumfar sabulu. Ƙananan kumfa masu girma ɗaya, in sun taru a kan ruwa, jeruwa suke yi kamar zarra. Wannan ne ya fi ba ni wahala cikin duk abin da na gwada. Na zuba ruwan sabulu a baƙin faranti, na nutsa allurar sirinji ina turawa da hannu, kumfar ta fito manya da ƙanana, tarkace kawai. Kwana biyu ina fama kafin in gane hannuna ne matsalar, ba ya tura iska daidai wa daida. Na hura balan-balan, na haɗa ta da siririn tiyo, na matse tiyon da abin maƙale takarda har iskar ta koma fita a hankali, na kafe allurar kada zurfinta ya motsa. Sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce kamar milimita ɗaya da rabi, suna mannuwa, kowacce da maƙwabta shida.

Na ja kujera na zauna ina kallo da tocila a karkace. Ga wani wuri an rasa kumfa ɗaya, gurbi ya rage. Ga tsibiri biyu sun haɗu, sahun kowanne na fuskantar wani gefe, tsakaninsu layi mai hargitsi, irin iyakar da ke raba ƙananan kiristal ɗin da suka taru suka yi wayata. Na sa rula na ɗan tura gefen jerin. Wani ɗan duhu ya fito daga baki ya ruga a karkace, fit, ya fice ta ɗaya gefen, rabin jerin ya matsa da faɗin kumfa ɗaya. Na yi shekaru ina zana shi a allo, ranar na fara ganinsa. Na sake turawa, wani ya taso, ya ci karo da wata ƙatuwar kumfa da ta saura daga tarkacen farko, ya tsaya cak.

Tsayawar nan ita ce amsar ɗalibata. Lanƙwasa waya na haifar da sababbin targaɗe, suna yawa suna sarƙewa, kowanne na tare wa ɗan'uwansa hanya. In aka miƙe layukansu da ke cikin ƙarfe mai girman santimita ɗaya ta kowane gefe, a wanda aka gasa za su yi ɗaruruwan kilomita, a wanda aka murza sosai su kai miliyan, fiye da zuwa wata da dawowa. Wuta tana ba zarra damar motsawa su sake jeri, cunkoson ya watse. Ashe mai son ƙarfe ya yi ƙarfi ba ya korar aibun cikinsa, ƙara su yake yi da gangan, ya kuma zuba musu shinge. Alfred Wilm a Jamus ya ci karo da wannan a 1906: alminiyam mai ɗan jan ƙarfe da ya gasa ya tsoma a ruwa ya ajiye, bayan 'yan kwanaki ya tarar ya taurara da kansa. Daga baya aka gano ƙwayoyin jan ƙarfen ne ke taruwa dunƙule-dunƙule, suna yin aikin ƙatuwar kumfata.

Da na koma kan rokoki da wannan idon, sai na ga yarinyar ba ta yi shirme ba, an ma yi abin da ta ce. Rokar Atlas da ta kai ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya zagaya duniya a Fabrairun 1962, tankinta ƙarfe ne marar tsatsa da aka murza a sanye, daidai abin da na yi wa wayata, har kaurinsa a wurare da dama bai kai milimita ɗaya ba. Ba ta iya tsayuwa da kanta. In babu mai, sai an cika ta da iskar naitirojin, in ba haka ba ta lotse. Tankin man da ke wajen Shuttle, jirgin sararin samaniya na Amurka, kuma, a 1998 aka koma yin sa da alminiyam mai gaurayen jan ƙarfe da litiyam, jikan abin da Wilm ya gano, aka rage fiye da tan uku, nauyin ya koma na kaya.

Sai dai wayar da ta karye a filayata ta hana ni zaƙewa. Targaɗen da aka ɗaure gaba ɗaya, ƙarfensa ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, tsinkewa yake yi. Sanyi ma na yin wannan ɗaurin. Ruwan oksijin yana digiri 183 ƙasa da sifili, na haidurojin 253, kuma baƙin ƙarfe na gama-gari a irin wannan sanyin fashewa yake kamar gilashi, domin tsarin jerinsa ba ya barin targaɗe ya motsa in babu ɗumi. Alminiyam da ƙarfe marar tsatsa irin na Atlas jerinsu daban ne, suna ci gaba da miƙuwa, shi ya sa aka ba su amanar tanki.

Gurbin kumfa ɗayan nan ma yana da labarinsa a sama. Burbushin da ke yawo da gudu a sararin samaniya yakan bugi ƙwayar silikon ya fitar da ita daga sahu, ta bar gurbi ta je ta maƙale tsakanin wasu. Haka farantin sola na tauraron ɗan'adam ke raunana shekara bayan shekara, shi ya sa tun a ƙasa ake yin sa fiye da buƙata. Kyamarorin na'urar hangen nesa ta Hubble kuwa, waɗanda ke aiki cikin tsananin sanyi, akan ɗumama su kusan duk wata domin wasu ɗigogin ɗaukar hoto da suka lalace su warke.

Ran Litinin na shiga aji da farantin da balan-balan da wayoyi biyu, gasasshiya da murzajjiya. Na miƙa wa mai tambayar, na ce ta rufe ido ta lanƙwasa kowacce. Ta yi, ta buɗe ido ta jujjuya su.

"Malam, ba iri ɗaya ba ne. Ka canza ɗaya."

Na ce daga nadi ɗaya na yanko su. Ba ta yarda ba sai da na kunna wuta a gabanta, ita da kanta ta riƙe filayar.