Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hunturun da Na San Iginla

A makon jiya na tsaya ne a inda na samu ɗaki a ƙasan gidan wani dattijo Bature a arewa maso gabashin Kalgari, ƙarshen watan Satumba na 2003. Takarduna na injiniya suna can ana tantance su, ɗan guzurin da na taho da shi daga Kaduna yana ta ƙarewa, sai na kama aikin gadin dare a wani ɗakin ajiyar kaya. Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Oktoba. Yinin gajere ne, wajen ƙarfe biyar an sha ruwa, amma ban taɓa yin azumin da ya yi mini nauyi kamarsa ba. Ni kaɗai nake buɗe baki, ba kiran salla, ba kunu da ƙosai, ba 'yan tashe. In na leƙa ta ɗan tagar ɗakin, ƙafafun mutane kawai nake gani a cikin dusar ƙanƙara.

Wata ranar Asabar da daddare dattijon ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse a wasu garuruwa. Ya ce, "Ba daga Najeriya ka ce kake ba? Hau sama ka ga ɗan ƙasarku."

Na hau. A talabijin ƙungiyar garin ce, Flames, take wasan hoki na ƙanƙara. Mutum shida-shida ne har da masu tsaron raga, kowa da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansa, da doguwar sanda mai lanƙwasa, suna bin wani ɗan faifan baƙar roba da bai wuce murfin gwangwanin madara ba. Idona ya kasa kama faifan saboda gudu. Dattijo ya ce in rabu da shi, in sa ido a kan mai lamba 12 kawai. Da na'urar ɗaukar hoto ta matso kusa, sai na ga baƙar fata ne, da harafin C a ƙirjinsa, wato shi ne kyaftin. A bayan rigarsa an rubuta Iginla. Gabana ya faɗi. Na yi bautar ƙasa a Ibadan, na san igi nla da Yarbanci babban itace ke nan.

A daren nan dattijo ya ba ni tarihinsa kamar mai ba da labarin jikansa. An haifi Jarome Iginla a Edmonton ranar 1 ga Yuli, 1977. Mahaifinsa Bayerabe ne da ya zo Kanada yana matashi har ya zama lauya, mahaifiyarsa kuwa Ba'amurkiya ce. Auren bai yi tsawo ba, yaron ya tashi a garin St. Albert a hannun uwarsa da kakanninsa na wajen uwa, su ne masu kai shi filin wasa. Da fari tsaron raga ya yi, don yana kallon Grant Fuhr na Edmonton, baƙar fata irinsa, kafin ya koma gaba ta gefen dama. Ya ci kofin Memorial na matasa sau biyu da Kamloops, 1994 da 1995. Ƙungiyar Dallas ta zaɓe shi na 11 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1995, amma bai taɓa buga mata ko wasa ɗaya ba, a Disambar shekarar ta musanya shi da Joe Nieuwendyk na Kalgari. A kakar 2001 zuwa 2002 ya ci 52, ya tara maki 96, ya fi kowa a gasar NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya yi haka. A watan Fabrairun 2002 ya zura biyu a wasan ƙarshe na Olamfik a Salt Lake City, Kanada ta doke Amurka 5 da 2, zinarenta na farko a hokin maza cikin shekara 50.

Daga ranar duk Asabar ina sama kafin in tafi aiki. Sannu a hankali na fara gane abin da nake kallo. Akwai waɗanda suka fi shi gudu, akwai waɗanda suka fi shi iya yanka da sanda. Shi wurin aikinsa kwana ne, can jikin katangar katako da gilashi inda ake matse mutum. Sai ya buɗe ƙafafu kamar ɗan kokawa, ya juya wa abokin karawa baya, ya kare faifan da ƙugunsa. Ƙato biyu su rufe shi da turi, bai faɗi ba, bai saki ba, sai ka ga ya fito da shi ya nufi raga. In kuma ya samu sarari ta dama, ba ya ɗaga sanda sosai, ɗan murɗa wuyan hannu ne kawai, kafin mai tsaron raga ya motsa fitilar da ke nuna an ci ta kama. Wanda ya taɓa ɗan ƙungiyarsa da mugunta, shi kyaftin da kansa zai yar da safar hannu a yi dambe, a ba shi minti biyar a akwatin hukunci ya zauna bai ce uffan ba. Bayan wasa kuma sai ka gan shi gaban 'yan jarida yana murmushi, yana yaba abokan wasansa. Wannan haɗin na ƙarfi da ladabi shi ya kama ni, domin a gidanmu haka aka ce namiji ya zama.

Na kira Hajiya da katin waya na ba ta labari. Ta ce, "Ɗan Najeriya ne?" Na ce, "Hajiya, a nan aka haife shi, ɗan Kanada ne, ubansa ne namu." Ta ce, "To ai ɗa na ubansa ne. Allah ya yi masa albarka, kai ma Allah ya buɗa maka." Na san shi ɗan Kanada ne tsantsa, ban taɓa ruɗar kaina a kan haka ba. Amma a tashar jirgin C-Train, in na ga yara Turawa sanye da jar riga mai sunan Yarbawa a baya, kafaɗata takan ɗan miƙe.

Shekara bakwai a jere Flames ba ta shiga zagayen fitar da gwani ba. A Afrilun 2004 ta shiga. A kowane mataki ana iya karawa har sau bakwai, wanda ya riga cin huɗu shi ya wuce. A wasa na bakwai da Vancouver, Iginla ya ci biyu, Martin Gélinas ya ƙarasa a ƙarin lokaci. Suka fitar da Detroit, suka fitar da San Jose. Titi na 17 ya zama ja wur da mutane, har aka raɗa masa suna Red Mile. Ni ban je ba, shaye-shayen wurin ya fi ƙarfina, ni da dattijo muna falo da shayi.

Wasan ƙarshe na kofin Stanley, wato kofin gasar NHL, da Tampa Bay ne. A karo na uku ya dambata da Vincent Lecavalier, taurari biyu, abin da ba a saba gani ba a wannan mataki. Amma karo na biyar nake so in gaya muku. An shiga ƙarin lokaci, hular kwanonsa ta faɗi, bai koma benci ba. 'Yan wasa kan canza ne kafin minti guda ya cika saboda gajiya, shi ya zarce, kansa a buɗe, ya karɓi faifan ya buga, mai tsaron raga ya tare, Oleg Saprykin ya tura ragowar ciki. Dattijo mai ciwon gwiwa ya miƙe ya rungume ni. Wata takwas ke nan ba wanda ya taɓa jikina sai a sahun Juma'a.

Saura nasara ɗaya. A karo na shida a Kalgari faifan ya bugi takalmin Gélinas ya nufi layin raga, har yau mutanen garin suna rantsuwa ya shiga, ba a ƙirga ba. Martin St. Louis ya ci a ƙarin lokaci na biyu. Ranar 7 ga Yuni aka doke su 2 da 1 a Tampa. Iginla ya fi kowa ci a zagayen, 13, aka nuno shi a benci ya sunkuyar da kai. Bai sake kaiwa wasan ƙarshe ba. Shi ya miƙa wa Sidney Crosby faifan da ya ciyo wa Kanada zinare a Olamfik na 2010, ya yi ritaya da ci 625 da maki 1,300, an rataye lambarsa don girmamawa a Saddledome, filin wasan Flames, a 2019, amma kofin bai taɓa shiga hannunsa ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

A daren dattijo ya kashe talabijin, muka zauna shiru. Can ya shiga ɗaki ya fito da jar riga mai lamba 12, ya ce matarsa ce ta saya masa, ta yi masa yawa yanzu. Na sa ta a ƙarƙashin kayan gadi na tafi aiki. Da na dawo da asuba na tarar da ambulan a ƙarƙashin ƙofata, mai tambarin masu tantance takarduna. Abin da na tarar a ciki sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.