Farin fenti ko tsuran ƙarfe: ziyarata filin jirgin Sakkwato

Daga Zariya zuwa Sakkwato kusan kilomita 400 ne, kuma a wannan zamani duk mai hankali da sassafe yake kama hanyar, don ya wuce Funtuwa da Tsafe da Gusau rana na sama. Haka muka yi. Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara. Tun daga Talata Mafara iskar da ke shigowa ta tagar mota ta daina sanyaya jiki, sai dai ta busar da leɓe. Muka wuce Tureta da Dange, gab da la'asar muka shiga birnin Shehu.

Sana'ata fentin mota. Garejinmu ba shi da nisa da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, don haka kullum ƙananan jiragen ɗalibai suna shawagi a kanmu, kuma kusan dukkansu farare ne fat. Na daɗe ina tambayar kaina dalili. A gefe guda kuma, a ɗakin kawuna na Sakkwato akwai tsofaffin hotunan jirage waɗanda babu fenti a jikinsu ko kaɗan, tsuran ƙarfe ne yana ɗaukar ido. Kawu injiniyan gyaran jirage ne da ya yi ritaya, amma har yau masu aikin ba su bar shi ya huta ba. Shi ya bugo mini waya ya ce jirgin da ke yi wa tsuntsayen jan baki feshi ya sauka garinsu, in ina son amsar tambayata in taho.

Da na gaishe shi, ya ce, “Lahiya lau, ɗana. Ka huta tukuna, gobe rana za ta yi maka karatu.”

Washegari da hantsi ya fito da faranti biyu na alminiyam, ragowar fatar jirgi da ya ajiye tun zamanin aikinsa, kowanne bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. Ɗaya an fesa masa farin fenti, ɗaya an goge shi har kana ganin fuskarka a ciki. Ya ɗora su a kan katangar tsakar gida, muka koma inuwar dogon yaro muka sha fura. Zafin Sakkwato a wannan wata yakan haura maki 40, kuma ranar ba ta yi mana rangwame ba. Bayan azahar ya ce in je in taɓa. Na ɗora hannu a kan farin, da zafi, amma na iya barin hannuna. Na taɓa mai sheƙin, ban san lokacin da na janye yatsuna ba.

Abin ya ba ni mamaki, domin ido yana gaya maka cewa abin da ke mayar da haske haka ba zai ɗauki zafi ba. Kawu ya ce gaskiya ne gogaggen alminiyam yana mayar da mafi yawan hasken rana, amma ɗan abin da ya sha ba ya iya fitar da shi, sai ya riƙe. Farin fenti kuwa yana mayar da hasken, sannan zafin da ya shiga yana fita ta jikinsa cikin sauƙi. Jirgin da zai wuni a fili babu rumfa, da mai a cikin fukafukansa da na'urori a gaban matuƙi, wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne gare shi. A nan ne ya warware mini zancen jiragen Zariya. Samfurin Diamond da ɗalibai ke koyo da su ba da alminiyam aka yi jikinsu ba, da zaren gilashi da na kabon aka yi, aka haɗe su da wani irin danƙo. Danƙon nan yana yin laushi in zafi ya yi masa yawa, shi ya sa masu ƙera irin waɗannan jirage suke shar'anta farin launi a saman jiki da fukafukai. Su ba su ma da zaɓin tsuran ƙarfe, tunda babu ƙarfen.

Na ɗauki farantin mai sheƙi bayan ya huce, na ce zan so in gwada gogewa da hannuna. Ya kawo wani guntu da ya dusashe, da gwangwanin man gogewa, da tsohuwar riga ta auduga. Da na tambaye shi ko akwai sanfefa mai laushi, sai ya ɗaure fuska.

“Wanga ba tukunya ta ba da za ka dirje da yashi. Ka san abin da ke bisa nai?”

Ya yi mini bayani a tsanake. Tsantsar alminiyam ba shi da ƙarfin da zai ɗauki jirgi, don haka ake garwaya shi da ɗan jan ƙarfe da wasu ma'adinai, a samu haɗin da injiniyoyi ke kira 2024. Haɗin yana da ƙarfi, amma yana saurin cin tsatsa. Maganin da kamfanin Alcoa na Amurka ya fito da shi a shekarun 1920 shi ne a lulluɓe farantin ciki da waje da siririn shafe na tsantsar alminiyam, wanda shi ba ya lalacewa da wuri. Sunan wannan faranti Alclad. Fatar ƙaramin jirgi gaba ɗayanta ba ta kai kaurin milimita 1 ba a mafi yawan wurare, shafen kuwa kusan kashi 5 cikin 100 ne na wannan kauri a kowane gefe. Shi ne abin da ke sheƙi. Duk gogewar da ka yi kana rage shi, kuma ranar da ka cinye shi ka isa ga haɗin da ke ƙasa, wurin zai yi duhu-duhu, ba zai sake yin haske ba, kuma ƙofar tsatsa ta buɗe.

Na shafa man, na shiga murzawa. Nan da nan tsumman ya koma baƙi ƙirin, baƙin ya shiga ƙarƙashin farcena da layukan tafin hannuna. Na murza har kafaɗata ta fara ciwo, sannan Kawu ya barbaɗa ɗan garin sitaci ya share da sabon tsumma. Sai ga ganyen dogon yaro da sararin sama sun bayyana a cikin ƙarfen, tas, har da tsuntsun da ya gitta. Na shekara da shekaru ina fesa fenti ina bi da man sheƙi, amma ban taɓa fitar da haske irin wannan ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya shiga raina. Sai dai wurin da na goge bai wuce tafin hannu ba. Na tuna faɗin fukafukan jirgi sama da ƙasa, da dubban kawunan ƙusoshin ribit da baƙin man ke maƙalewa a gefensu, kowanne sai an bi shi.

Da yamma ta fara yi muka kama hanyar Bodinga zuwa filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, wanda aka sa wa sunan Sarkin Musulmin da ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988. Albarkacin Kawu aka ba ni katin baƙo, muka shiga inda jirgin feshin yake. Lokacin ne shinkafar rani ke nuna a fadamun Rima, wajen Wurno da Goronyo, kuma lokacin ne jan baki ke saukowa garke-garke su cinye wahalar manomi. Jirgin rawaya ne shar, mai kujera ɗaya, da bututun feshi jere a ƙarƙashin fukafukai. An zaɓi rawaya ne don a riƙa hango shi, tunda ƙasa-ƙasa yake tashi.

Ni idon mai fenti na kai masa. Saman fiffike lafiya lau, amma bakinsa na gaba, inda iska ke fara dukansa, fentin ya ci, ya yi ƙuraje-ƙuraje, wani wurin har shafen farko na ƙasa ya leƙo. Kawu ya ce aikin ƙura ke nan. Hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi gari ne mai laushi a ido, amma in jirgi ya ratsa shi da gudu yana kankare duk abin da ya tarar. Ya nuna mini wani murfi a gefen jiki da aka canza ba a daɗe ba, ba a kai ga fenta shi ba. Ya riga ya dusashe, ya yi toka-toka, ga sawun tsumma birjik inda wani ya share ƙura a bushe. Ya ce gogaggen jirgi a garin nan, in ka goge shi yau, gobe ƙura ta kwanta, kuma duk yaron da ya sa tsumma ya share don taimako ya zana maka layuka dubu.

Sannan ya durƙusa ya sa ni na leƙa ƙarƙashin cikin jirgin. Maganin feshi yana komawa jikin jirgi, yana shiga haɗin faranti, yana cin ƙarfe. Nan fenti ba ado ba ne, garkuwa ce, kuma duk da haka sai an wanke jirgin bayan aiki. Ya nuna mini wani ɗan wuri kusa da ƙusa inda fentin ya kumbura siriri-siriri, yana tafiya a karkace. Tsatsa ce ke tafiya a ƙarƙashin fenti. Tsatsar alminiyam ba ja ba ce, farin gari ce, kuma wannan ita ce babbar hujjar masu son tsuran ƙarfe: a jikin gogaggen jirgi babu inda tsatsa ko tsagewa za ta ɓuya, ido zai gan ta tun tana ƙarama. Kawu bai musa ba. Ya ma ƙara da cewa ta fuskar tsatsa kaɗai, bushewar Sakkwato rahama ce ga ƙarfe. A Legas ko Fatakwal, inda iska ke ɗauke da laima da gishirin teku, tsuran alminiyam ba zai kai ko'ina ba.

Hujja ta biyu ta masu son tsuran ƙarfe ita ce nauyi. Fentin ƙaramin jirgi mai kujera biyu ko huɗu yakan kai kilo 10 zuwa 15, na babban jirgi irin Boeing 747 kuwa kusan kilo 250. Kowane kilo mai ne ake ƙonawa don a ɗaga shi. Dalilin ke nan, tare da saurin aiki a masana'anta, da ya sa sojojin saman Amurka suka daina fenta yawancin jiragensu a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sai dai su shafa duhun fenti a gaban gilashin matuƙi don ƙyalli kada ya kashe masa ido. Bayan yaƙin, ƙananan jirage irin Cessna 140 da Luscombe sun riƙa fitowa daga masana'anta da tsuran jiki da ɗan layin launi a gefe. Su ne a hotunan ɗakin Kawu. Kamfanin American Airlines ya riƙe wannan al'ada a manyan jiragensa har zuwa 2013, lokacin da sababbin jirage masu jikin kabon suka tilasta masa komawa fenti. Amma Boeing da kansa ya taɓa yin lissafi ya nuna cewa man da ka yi tsiminsa saboda rashin fenti, kuɗin gogewa sau da yawa a shekara yana cinye shi har ya ɗan haura.

Can gefe akwai wani jirgi mai farfela biyu da ya kawo manyan baƙi. Fari ne, amma hancin farfelolinsa gogaggen ƙarfe ne, rana tana faɗuwa a kansu suna walƙiya. Wannan shi ne rabon da na ga ya dace da ƙasarmu. Ɗan wurin da mutum ɗaya zai iya gogewa kafin la'asar, a bar shi ya yi sheƙi. Sauran jiki a ba shi fari. Gogaggen jirgi gaba ɗaya na mai rumfa ne da lokaci da hannuwa, irin masu harhaɗa jiragen Van's RV a gidajensu a Turai da Amurka don sha'awa. Kawu ya tuna mini cewa Air Beetle, jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa wa sojojin samanmu a Kaduna, daga samfurin RV-6A aka ɗauko shi, kuma da ya zo aiki a nan fenti aka yi masa.

Da na ji haka sai na ce to, in fenti ne, ai an zo gidana, a ba ni jirgi in fesa. Ya girgiza kai. Ya kama bakin fiffike na baya, wannan ɓangaren da ke motsi sama da ƙasa, ya ɗaga shi da yatsa biyu. Ya ce wannan an auna nauyinsa gaba da baya daidai wa daida. In mai fenti ya yi masa hannu biyu inda ake son ɗaya, bayansa ya yi nauyi, a sama zai iya kama kaɗawa da kansa har ya karye. Saboda haka bayan fenti sai an cire shi an sake aunawa, a sake auna nauyin jirgin, injiniya mai lasisi ya sa hannu a littafi. Cire tsohon fenti ma da sinadari na musamman ake yi, ba da burushin waya ba, domin ɓurɓushin baƙin ƙarfe in ya nutse a cikin alminiyam shi ma tsatsa yake haifarwa. Babu kuma zancen cike lotsawa da foti yadda muke yi wa mota.

Muna cikin haka matuƙin ya iso, ya gaida Kawu da girmamawa, ya zagaya jirgin yana taɓa nan yana leƙa can. Sai da magariba ake yi wa jan baki feshi, lokacin da suka taru a makwancinsu, don haka yana sauri. Muka ja da baya, ya tayar da inji, ƙura ta turnuƙe mu, ya hau titi ya tashi ya karkata arewa maso gabas wajen Goronyo. Kawu ya kira yaran da ke aiki a wurin ya ce su tanadi ruwa da sabulu kafin ya dawo, kuma kada wanda ya kuskura ya sa busasshen tsumma a gilashin.