Idan gwajin jini ya nuna fararen ƙwayoyin yaro sun yi ƙasa

Nutrofil su ne rukunin fararen ƙwayoyin jini da ke fara kai ɗauki duk inda ƙwayar cuta ta kutsa, kuma ɓargo ne ke samar da su. Mugunyar da ke taruwa a maruru ma yawanci gawarwakinsu ne. Ga yaron da ya haura shekara 1, ana cewa sun yi ƙasa idan ba su kai 1,500 a kowane maikrolita (kashi ɗaya cikin miliyan na lita) na jini ba; ƙasa da 500 kuwa lamarin ya yi tsanani.

Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Kyanda, taifot, zazzaɓin cizon sauro, har da magani irin Septrin, duk kan sauke su na ɗan lokaci. Sai an fi wata 3 ana maimaita gwajin suna nan ƙasa kafin a ce abin ya zauna.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: mafi yawan mutanen Yammacin Afirka ba su da wata alama da ake gada mai suna Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma masu wannan gado adadin nutrofil ɗinsu kan yi ƙasa da ma'aunin da aka ɗauko daga Turawa, alhali lafiyarsu lau. Yaro mai 1,200 da ke cin tuwonsa yana guje-guje ba abin tayar da hankali ba ne. A dubi yaron kafin takardar.

Wanda za a sa wa ido shi ne mai gyambon baki, kumburin dasashi, ciwon kunne ko na huhu a kai a kai. A ƙananan yara, sau da yawa garkuwar jikin ce ke cinye nutrofil ɗin, kuma yakan warke da kansa kafin shekara 5. A wani nau'in, adadin kan faɗi ya sake tashi kusan duk kwana 21, shi ya sa ake ɗibar jini sau 2 ko 3 a mako har mako 6. Mai tsananin da ake haihuwar yaro da shi, wanda likita Kostmann ya bayyana a Suwidin a 1956, yana buƙatar allurar filgrastim, mai sa ɓargo ya ƙara samar da nutrofil.

Wani lokacin adadin cif yake, aikin ne nutrofil ɗin ba sa yi. Cibiyar jariri da ta wuce wata guda ba ta faɗi ba, gefenta ya yi ja babu mugunya, ko wurin allurar BCG (rigakafin tarin fuka) da ya ƙi warkewa, sun isa a nemi ƙwararren likitan yara.

Yaron da adadinsa bai kai 500 ba, da zarar zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ce maleriya ce a ba shi farasitamol a jira wayewar gari. Maganin zai ɓoye zazzaɓin ne kawai, ƙwayar cutar na yaɗuwa cikin jini a 'yan sa'o'i. A auna zafin a hammata, kada a sa ma'auni ko magani ta dubura.