Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Daren da Abba Ya Karɓi Wayata

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda mabiyana suka haura dubu ɗari biyu, masu kaya suka fara nemana in tallata musu. Kashin yau sai da na kwana uku ina fara rubuta shi ina gogewa, domin har yanzu idan na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Bidiyon da ya jawo komai minti goma sha ɗaya ne, kuma minti tara daga ciki yankan hannun riga nake koyarwa. Wajen ƙarshe na karanta tambayar wata baiwar Allah da ta ce mijinta ya hana ta ɗinki, kuma ba ya iya sauke nauyin gida. Na ce mata mace ta riƙe sana'arta da kyau, don ranar da miji ya gaza, ko ya rasu, ko aure ya mutu, keken ɗinkin nan ne zai rufa mata asiri. Na ƙara da cewa kada ta yi fito-na-fito da shi, ta bi ta lalama, ta sa manya su yi masa magana. Wani wanda har yau ban san fuskarsa ba ya yanke daƙiƙa goma sha tara, ya zubar da maganar lalama da ta manya, ya ɗora rubutu da jan launi a saman kaina: "Ga mai zuga matan aure."

Kafin la'asar ya zaga zaurukan WhatsApp. Kafin magariba ya isa zauren danginmu.

Zagi dai na saba da shi, duk mai fitowa a waya ya saba. Wanda ya ce ba ni da tarbiyya, wanda ya ce kwantai na yi shi ya sa nake so kowa ta fito, wanda ya zagi Umma da bai taɓa gani ba. Abin da ban saba da shi ba shi ne saƙon da ya shigo da misalin ƙarfe tara na dare. Babu kalma ko ɗaya a ciki. Hoton ƙofar gidanmu ne kawai, ga keken ƙanena a jingine da bango, ga butar da Abba ke ajiyewa a bakin dakali. Wanda ya ɗauka a tsallaken layinmu ya tsaya, a ranar. Hannuna ya kama rawa har wayar ta faɗi a kan ƙafata.

Washegari da safe na tarar an dakatar da shafina a ɗaya daga cikin manhajojin da nake aiki da su. Mutane ne suka haɗa kai suka yi ta kai ƙarata har na'ura ta rufe ni. Na cike takardar koke da Turancin da nake da shi, amsa ta dawo cikin minti biyu, irin wadda kana gani ka san ba mutum ne ya karanta ba. Aikin shekara uku ke nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zagin da aka yi mini da Hausa yana nan daram a shafukan masu shi, ni da aka zaga ce aka rufe.

A daren ne Abba ya kira ni falonsa. Bai ɗaga murya ba, shi ba mai faɗa ba ne. Hannu kawai ya miƙo ya ce, "Mamana, kawo wayar." Sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kirana da sunana ba. Na durƙusa na ba shi. Ya kashe ta, ya sa a aljihun rigarsa, ya ce gobe Baffa da Goggo za su zo.

Ban runtsa ba. Na karɓi wayar ƙanwata na yi ta karance-karance, abin da bai kamata mai tsoro ya yi ba. A nan na ga labarin 'yan matan Masar, Haneen Hossam da Mawada al-Adham, da wata kotu a Alƙahira ta yanke wa shekara biyu-biyu a watan Yulin 2020 kan bidiyoyinsu, bisa tuhumar keta mutuncin iyali. Na ga na Qandeel Baloch ta Pakistan, wadda ɗan'uwanta na jini ya kashe a Multan a Yulin 2016 da sunan wanke sunan gida. Aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai a 2019, kotu ta sallame shi a 2022. Abin da suke sakawa daban, nawa daban, kuma na san gidanmu ba irin wannan gida ba ne. Amma na fahimci wani abu a daren: a ƙasashe irin namu, fuskar mace idan ta fito a waya ba tata ce ita kaɗai ba. Ta ubanta ce, ta yayyenta ce, ta ƙannenta mata da ba su yi aure ba ce. Kowa yana ganin da sunansa ake wasa.

Baffa ya iso bayan azahar, ko zama bai gama yi ba ya fara. Ya ce tun farko shi bai yarda da wannan harka ba. Ya tuna wa Abba matasan nan biyu da kotun majistare a Kano ta yanke wa bulala 20 da tarar naira dubu 10 kowannensu da sharar harabar kotu ta kwana 30 a Nuwamban 2022, saboda bidiyon barkwancin da suka yi kan gwamnan lokacin. "Maza ke nan," in ji shi. "Ina ga 'ya mace? So kake sai an zo da mota an ɗauke ta a gaban maƙwabta?" Goggo ta karɓe, ta ce ai ko Rahama Sadau da duniya ta sani, da aka kore ta daga Kannywood a 2016 kan bidiyon waƙa, sai da ta fito ta ba da haƙuri, balle ni 'yar tela. Sannan ta sauke murya ta faɗi abin da ya kawo ta: kawun wanda ke nemana ya aiko cewa a ɗan dakata da maganar sa rana.

Umma tana gefe, kanta a ƙasa, tana murza gefen mayafinta. Wannan murzawar ta fi mini duk zagin da na karanta ciwo.

A nan zan ɗan tsaya in faɗi ra'ayina, don kada a fahimce ni a baibai. Ni ba na cikin masu cewa a bar kowa ya yi abin da ya ga dama. Akwai masu fitsara a waya, na gani, kuma ina jin kunyar a haɗa ni layi ɗaya da su. Lokacin da Hisbah ta Kano ta gayyaci 'yan TikTok zama a ƙarshen 2023 don yi musu nasiha, ban ga aibun nasiha ba. Damuwata ita ce an yi mana kuɗin goro. Mai koyar da ɗinki, da mai wayar da kan mata kan awon ciki, da mai rawar banza, duk sunanmu ɗaya: 'yan TikTok. Da zarar an liƙa maka sunan nan, babu mai sauraron abin da ka faɗa kuma.

Baffa ya juyo kaina ya ce, "To ke, duk wannan tonon asirin don kuɗi ne ko? Ina miliyoyin?"

Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, wallahi ba yadda kuke zato ba ne." Na yi musu bayani yadda zan iya. Cewa YouTube ba ya fara biyan mai dogayen bidiyoyi irina kuɗin talla sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, kuma ko an fara, kuɗin ba ya fitowa sai ya kai dala 100. Cewa abin da ake biya ya danganta da inda masu kallo suke, don haka kallo dubu daga Amurka ya ninka kallo dubu daga nan nesa ba kusa ba. Cewa Facebook sai a 2024 ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗin talla. Abin da ke riƙe da ni tallan ƙananan 'yan kasuwa ne, kuma daga jiya zuwa yau uku sun janye, ɗaya ta ce in dawo mata da kuɗinta. A cikin ɗan abin da ke shigowa nake sayen data, nake cajin waya idan babu wuta, nake biyan kuɗin makarantar ƙanena. Shi wannan na ƙarshen Baffa bai sani ba. Ya kalli Abba, Abba ya gyaɗa kai.

Yayana da ke karantar lauya ya sa baki, ya ce wanda ya turo hoton ƙofa ya taka doka, domin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya yi magana kan barazana ta waya. Ya ce a kai ƙara. Baffa ya ce sam, kai ƙara ƙarin talla ne, gobe sunan gidanmu zai fito a jarida. Na kalle su biyun, kowa da gaskiyarsa. Dokar da ake kama masu magana da ita tana nan, ni kuma da ke buƙatar ta kare ni kunya ta hana in je gare ta.

Duk wannan Abba bai ce uffan ba. Sai can ya ce wa Yaya, "Kana da cikakken abin? Ba guntun ba." Yaya ya ce yana da shi, domin shi ke taimaka mini da gyaran bidiyo. Abba ya ɗauko tabaransa, wanda ƙafarsa ɗaya ke ɗaure da zare, ya riƙe wayar nesa da fuskarsa kamar yadda yake riƙe jarida. Falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai muryata tana cewa a bar inci ɗaya na ɗinki a gefen hannu. Ya kalli minti tara na yankan riga bai tsallake ko daƙiƙa ba. Da aka zo wajen maganar, ya sa aka mayar baya. Ya sake saurara. Ya cire tabaran ya naɗe.

Ya dubi Baffa ya ce, "Yaya, ni ban ji saɓon Allah a nan ba. Abin da ta faɗa, da mahaifiyarmu na raye shi za ta faɗa, don da ɗinkin hula ta riƙe mu bayan rasuwar Malam." Sannan ya karanto ayar nan ta 6 a Suratul Hujurati, wadda ta ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike. Ya ce dukanmu mun karanta ta a allo, amma jiya babu wanda ya tuna da ita, har shi kansa.

Na fashe da kuka a wurin. Baffa bai ce ya yarda ba, cewa ya yi mutanen gari ba za su zauna kallon minti goma sha ɗaya ba, guntun suka gani kuma da shi za su tafi. Wannan ma gaskiya ce, kuma na ga gaskiyarta a watannin da suka biyo baya, a gidan biki da gidan suna, inda mata ke yin shiru idan na shigo.

Na ɗauka Abba zai mayar mini da wayata a nan take. Bai mayar ba. Ya buɗe durowar da yake ajiye takardun gida ya saka ta, ya murɗa makulli, ya ce in ba shi mako guda zai yi shawara da wani malaminsa, kuma zai je da kansa ya ga kawun yaron nan. Da Baffa da Goggo suka tafi, na ji shi a tsakar gida yana ce wa ƙanena daga yau ya riƙa shigo da kekensa ciki, a kuma rufe ƙofa da an idar da isha'i.

Sharuɗɗa huɗu Abba ya dawo da su ranar da mako ya cika, ɗaya daga ciki sai da na kwana ina kuka kafin na amsa. Su zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu, tare da amsar da ya samo daga gidan su wanda ke nemana.