Ku ƙirga baiti kafin ku zaɓi wasa

Ƙera ƙaramar na'urar wasan bidiyo zaɓi ne mai kyau ga ɗaliban injiniyan lantarki da ke neman aikin haɗin gwiwa: cip ɗaya, ɗan allo, maɓallai biyar, buza da batir. Na'urar auna zafi tana iya jinkirin sakan guda ba wanda ya lura, amma wasa in ya yi nawa kaɗan, yatsan mai wasa ya riga ya tona asiri. Mu huɗu muka ɗauki irin wannan aiki muna ɗalibai, ni aka ɗora wa jagoranci, kuma yawancin wahalar da muka sha, ƙannena, daga tsarin da na yi ta fito.

Da wasan muka fara, nan muka fara ɓata. Muka zauna muka tsara tseren Adaidaita Sahu a cikin cunkoson gari, da matakai goma, da kiɗa, da jadawalin gwanaye. Ba wanda ya buɗe takardar bayanin cip ɗin. Arduino Uno muke da shi, wato ɗan faifan lantarki mai ɗauke da cip ɗin ATmega328P: kilobait 32 na ajiye manhaja, amma RAM ɗinsa, wato wurin da yake aiki yayin da wasa ke gudana, baiti 2,048 ne kacal. Allon da muka saya irin ƙaramin OLED ɗin nan ne mai cip ɗin SSD1306 a cikinsa, ɗigo 128 a kwance, 64 a tsaye. Ɗigo 8,192 ke nan, kowanne bit ɗaya, bit takwas kuwa baiti ɗaya ne, jimla baiti 1,024. Kafin mu zana ko tayar Adaidaita guda, allo ya cinye rabin RAM.

Abin da ya fi ruɗa mu shi ne laburaren da aka fi amfani da shi wa wannan allo, wato shiryayyen kod ɗin da ke sarrafa shi, ba ya karɓar wannan wuri sai manhaja ta fara gudana. Don haka rahoton da kwamfuta ke nunawa bayan ta harhaɗa kod ba ya lissafa shi. Sai ka ga an ce da sauran fili, ka saki jiki. Can wasa ya fara rikicewa: allo ya cika da tarkace, na'ura ta sake tashi da kanta. Mun zargi wayoyi, mun zargi allon har muka sake sayen wani. Ashe rubuce-rubucen da muke turawa kwamfuta don bin sawun kuskure su ne ke ƙarasa cinye abin da ya rage, domin a wannan cip duk rubutun da ba ka naɗe shi da umarnin F() a cikin kod ba, kwafarsa ake yi zuwa RAM. Hotuna ma haka, sai ka sa musu kalmar PROGMEM a cikin kod suke zama a babbar ma'ajiyar nan mai kilobait 32. Maganin nan bai fi layi biyu ba, amma mun biya shi da makonni.

Saboda haka kafin ku sayi ko waya ɗaya, ku ɗauki takarda ku yi kasafi uku. Na RAM kun ji shi. Na biyu na ƙafafun cip ne. Uno yana da 14 na dijital da 6 na analog, sai dai ba duka ne naku ba: 0 da 1 na magana da kwamfuta ne, A4 da A5 na I2C, 11 zuwa 13 na SPI, wato hanyoyi biyu da cip ke magana da na'urori irin su allo. Umarnin tone da ke sa buza ƙara kuma yana kama agogon ciki mai lamba 2, ya hana PWM, wato dabarar daidaita ƙarfin wuta ta kunnawa da kashewa da sauri, aiki a ƙafa ta 3 da ta 11. Na uku, wanda kusan kowa ke mantawa, kasafin lokaci. In kuna son hoto 30 a sakan, kowane hoto yana da milisakan 33. Tura baiti 1,024 ta I2C a gudun kilohaz 400 yana cin aƙalla milisakan 23, tunda kowane baiti bugu tara yake ɗauka. Saura goma ku karanta maɓallai, ku motsa motoci, ku duba karo, ku zana. Akwai irin wannan allon mai SPI, yana tura hoton cikin 'yan milisakan kaɗan, amma yana cin ƙafafu da yawa. A shago kamanninsu ɗaya, ƙafafun bayansu ne suka bambanta, kuma wannan shawara a takarda ake yanke ta kafin a je kasuwa.

Na san wani zai ce a sayi wanda ya fi Uno ƙarfi, kamar ESP32 mai RAM kilobait 520, ko Raspberry Pi Pico mai 264, a huta. In malamin da ke duba aikinku ya yarda, ku saya. Amma ku tuna da bolt 3.3 suke aiki, wanda ya saba da 5 na Uno yana iya ƙona musu ƙafa. Kuma da zarar fili ya samu, ido sai ya koma kan allo mai launi. Mai ɗigo 320 sau 240, baiti biyu kowane ɗigo, yana buƙatar baiti 153,600, fiye da rabin abin da Pico ke da shi. Lissafin yana nan, lambobin ne suka girma. Ƙanƙantar cip ba ta taɓa hana wasa daɗi ba. Atari 2600 da ya fito a 1977 baiti 128 ne RAM ɗinsa gaba ɗaya, Pong na 1972 ko furosesa ba shi da ita, kuma macijin wayar Nokia da ya hana mutane barci ba wani abu ba ne illa ɗigo masu bin juna.

Kuskurena na biyu ya fi na farko tsada, kuma da sunan adalci na yi shi. Na raba aiki gida huɗu: wane haɗa wayoyi, ni kod, wane zane da sauti, wance rubuta rahoto. Kowa ya ji daɗi, kowa ya kama gabansa, aka ce sai an gama a haɗu. Ni ina gwada nawa a manhajar kwaikwayo a kwamfuta, komai lafiya lau. Ranar da muka haɗa, saura kwanaki kaɗan a kare aiki a gaban malamai, sai Adaidaita ta fara gudu ba a taɓa komai ba, in an danna kuma ta tsaya. Na rubuta kod a kan cewa dannawa na ba da 1; abokina ya haɗa maɓallan zuwa ƙasa yadda aka saba, dannawa na ba da 0. Ba wanda ya yi kuskure a ɓangarensa. Mai sauti kuma ya jera waƙarsa da umarnin delay, mai tsayar da cip ya jira, tsakanin sauti da sauti, duk lokacin da kiɗa ya tashi wasa sai ya daskare har ya ƙare. Ya dube ni ya ce, "To ai Malam, ba ka ce kar a yi haka ba." Gaskiyarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muka ɗauko wuƙa.

Da zan sake, cikin mako biyun farko zan tilasta mu haɗa abu mafi muni da zai iya aiki: ɗigo ɗaya yana motsi a kan allo na gaske, da maɓalli na gaske, a kan batir, buza ta yi ƙara in ya bugi gefe. Daga nan duk abin da kowa ya yi, a jikin wannan ake ɗora shi, kuma kowane mako yana ƙarewa da wasan da za a iya riƙewa a buga. Fayil ɗaya ya ɗauki sunayen ƙafafu da ma'anar 0 da 1, ba mai canza shi sai kowa ya sani. A haramta delay tun ranar farko, kowa ya koyi duba agogo da umarnin millis ya wuce. Kod kuma ya zauna a Git, manhajar da ke ajiye tarihin kowane canji. Mu ta WhatsApp muke tura wa juna, har muka tara fayil mai suna "na ƙarshe", da "na ƙarshe na gaske", aka rasa wanne ne a cikin cip.

A wannan haɗin farko ne za ku gamu da maɓalli, ɗan hakin da ka raina. Ka danna sau ɗaya, jerin zaɓi ya tsallake layi uku. Ƙarafan cikinsa ne ke karkarwa na 'yan milisakan kafin su zauna, cip kuwa yana da saurin ƙirga kowace taɓawa. Ku sa kod ya yi watsi da duk canjin da ya zo cikin milisakan 20 bayan na farko, shi ke nan. Nan ma za ku gane cewa ƙaramin batir mai bolt 9 ba ya jimawa, kuma yawancin fawa bank suna kashe kansu in na'ura ba ta jan wuta sosai, su ɗauka an gama caji. Gara ku gani a ɗaki da ku gani a gaban malamai.

Batun sayayya a taƙaice. Resisto da wayoyi da dalma ana samunsu a kasuwa irin ta Sabon Gari a Kano, amma takamaiman allo ko cip wani lokaci sai an yi oda daga Legas ko Sin, kuma na Sin makonni yake yi a hanya. Duk abin da zai iya ƙonewa ku sayi biyu. Ku karanta rubutun bayan allo: mai inci 1.3 sau da yawa SH1106 ne, ba SSD1306 ba, laburarensa daban. Kuɗin karo-karo a rubuta a littafi, a kuma yanke tun farko wa zai riƙe na'urar bayan an gama. Na ga zumunci ya yi tsami a kan abin da bai kai kuɗin waya ba.

Saura mako biyu a kare aiki, ku rufe ƙofar ƙari, ko wa ya zo da sabuwar dabara. Ku sauke wayoyi daga allon gwaji mai ramuka ku liƙe su da dalma, domin girgizar Adaidaita ta gaske daga gida zuwa makaranta ta isa ta zare waya guda. Ku miƙa wa yaro ɗan firamare ya buga ba tare da bayani ba. Zai danna maɓalli biyu lokaci guda, abin da ku ba za ku taɓa yi ba. Ku ɗauki bidiyon wasan yana aiki. Sannan ku zauna kowa ya yi bayanin ɓangaren wani, ba nasa ba, domin malamai ba sa tambaya bisa rabon da kuka yi. 'Yar'uwarmu mai rahoto ita aka tambaya me ya sa maɓalli ke ba da 0 in an danna, kuma rabon da na yi bai taɓa kai ta kusa da wayoyin ba.